Injin wanki mai buɗewa ta sama ko mai ƙofar gaba: tambayoyi da amsoshi ga mazauna Gombe

Injin wanki ya daina zama kayan gidajen manya kaɗai a garin Gombe. Yanzu yakan shiga cikin kayan ɗakin amarya tare da firji da murhun gas, kuma ma'aikata maza da mata waɗanda ba su da lokacin zama gaban baho kowace Asabar sun fara ɗaukarsa a matsayin buƙata. Sai dai mafi yawan masu saye suna shiga shago ne suna tambayar wanne ya fi kyau, alhali kuwa amsar tana can gida suka baro ta: a tsayin tanki, da yawan sa'o'in da ake samun wuta, da kuma ko ruwan gidan na famfo ne ko na saye. An tsara waɗannan tambayoyi ne domin mai niyyar saye ya fara auna gidansa kafin ya fitar da kuɗinsa.

Mene ne ainihin bambancin da ke tsakanin nau'o'in biyu?

Bambancin ya wuce wurin da ƙofa take, domin hanyar wankin ce ta sha bamban tun daga tushe. A injin da ake buɗewa ta sama, gangar da ake zuba kaya a cikinta a tsaye take kamar randa. Ana cika ta da ruwa har sai kayan sun nutse, sannan wani faifai mai tudu-tudu da ke gindin gangar ya riƙa juyawa dama da hagu yana kaɗa ruwan, tufafin suna cuɗanya da juna har datti ya saki. Wasu, musamman samfurin Amurka, suna da doguwar sanda a tsakiya maimakon faifan, amma irinsu ba su da yawa a kasuwanninmu.

A mai ƙofar gaba kuwa, gangar a kwance take, kuma ruwan da yake sha kaɗan ne, sau da yawa ma da ƙyar ake hango shi ta gilashin ƙofar. Idan gangar tana juyawa, wasu haƙarƙari da ke jikinta ta ciki suna ɗaga kayan sama su sako su cikin ruwan omo, haka sau ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa ganin mai wanki a bakin rafi yana ɗaga zane yana maka shi a kan dutse ya ga asalin dabarar. Daga wannan tsari ne sauran bambance-bambancen suka samo asali, wato na ruwa da lokaci da nauyi da farashi.

Shi kuma mai baho biyu, wanda ya fi yawa a shaguna, a wane ɓangare yake?

Yana cikin masu buɗewa ta sama, amma ya kamata a ware shi a matsayin zaɓi na uku, domin a nan Gombe shi ne mutane da yawa suke nufi idan sun ce injin wanki. Baho ɗaya na wanki ne, ɗayan kuma na matsewa. Mutum ne yake zuba ruwa da bokiti ko tiyo, ya murɗa agogon wanki wanda yawanci iyakarsa minti 15, ya zubar da ruwan, ya sake zuba wani domin ɗauraya, sannan ya kwashe kayan da hannunsa zuwa bahon matsewa. Ba ya buƙatar a haɗa shi da famfo, ba shi da allon kwamfuta a cikinsa, kuma shi ne mafi araha. Aibinsa shi ne dole a tsaya a kansa daga farko har ƙarshe. Wanda ake kira otomatik, ko na sama ne ko na gaba, shi yake ɗibar ruwansa, ya wanke, ya ɗauraye, ya matse, ya tsaya da kansa.

Wanne ne ya fi cin ruwa?

Na sama mai otomatik ya fi ci, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Injin gaba mai ɗaukar kilo 7 ko 8 yakan gama wanki guda da lita 40 zuwa 60, yayin da na sama mai girma ɗaya yakan sha lita 100 zuwa 150, saboda sai ya cika gangar a wanki, ya sake cikawa a kowace ɗauraya.

A garin da ruwa yake wadace wannan ba abin damuwa ba ne, amma Gombe ba irin wannan gari ba ne. Ruwan famfon garin yana tasowa ne daga madatsar Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, kusan kilomita 40 daga cikin gari, kuma garin ya faɗaɗa fiye da inda bututun ya kai. A sababbin unguwanni da dama, da ma wasu tsofaffin, gidaje sun dogara ne da tankar ruwa ko 'yan garuwa masu tura kura, sannan haƙa rijiyar burtsatse a sassa da yawa na garin sai an yi nisa ƙwarai kafin a tarar da ruwa. Saboda haka lissafin yana da sauƙi. A ɗauka cewa tazarar lita 70 ce a kowane wanki, kuma ana wanki sau 3 a mako. Wannan ya kama lita 210 a mako, kimanin lita 10,900 a shekara, wato sama da jarka 430 mai lita 25. Kowa ya ninka wannan da kuɗin jarka a unguwarsu, zai ga abin da zai riƙa biya a ɓoye kowace shekara.

Mai baho biyu yana da nasa hukuncin daban, domin cin ruwansa a hannun mai wanki yake. Uwargida mai tattali za ta iya fara da fararen kaya, ta yi amfani da ruwan omon wajen wanke masu launi, ta ƙare da kayan aiki masu datti sosai, sannan ta tara ruwan ɗauraya ta wanke tsakar gida ko banɗaki da shi. Idan aka yi haka, ba a cika barin shi a baya ba wajen tattalin ruwa.

Muna da tanki a sama. Shin wannan ya isa a haɗa injin otomatik?

Wannan ita ce tambayar da ya fi kamata a yi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Injin otomatik yana da wani ƙaramin makunnin ruwa na lantarki a bayansa, wanda ba ya buɗewa yadda ya kamata sai ruwan ya zo da ƙarfi. Ana auna ƙarfin ruwa da ma'aunin bar, kuma tsayin mita 10 tsakanin saman ruwan tanki da bakin injin shi ne yake ba da kimanin bar 1. Littattafan da ke zuwa da injinan gaba da yawa suna neman aƙalla rabin bar, wasu ma bar guda cif. Rabin bar yana nufin mita 5. To, tankin da aka ɗora a kan ƙarfe mai tsayin mita 3 ko 4 a gidan ƙasa, kamar yadda aka saba a Tumfure ko Pantami ko Federal Low Cost, bai kai wannan ba, balle idan ruwan ya yi ƙasa a cikin tankin ko bututun siriri ne mai lanƙwasa da yawa.

Abin da ke faruwa shi ne injin ya yi ta jiran ruwa, idan lokacin da aka tsara masa ya cika bai samu isasshe ba sai ya tsaya ya nuna alama. A injinan LG alamar ita ce IE, a na Samsung kuma 4E ko 4C. Mutane da yawa sukan ɗauka injin ne ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Maganin shi ne a ƙara wa tanki tsayi, ko a saka ƙaramin famfon ƙara ƙarfi a kan bututun da ke zuwa injin. Na sama mai otomatik ya fi haƙuri da raunin ruwa, kuma idan abin ya ƙi, ana iya ɗaga murfinsa a taimaka masa da bokiti. Na gaba ba ya ba da wannan dama, domin da zarar ya fara aiki ƙofarsa a kulle take.

Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wanki fa?

A mai baho biyu babu wata matsala: a ɗaga murfi, a kwashe kayan, a ƙarasa da hannu, a sauke tiyo ruwan ya fita da kansa. Na sama mai otomatik ma ana iya buɗe shi a kwashe. Na gaba ne yake da wuya, saboda ƙofarsa takan ci gaba da zama a kulle na ɗan lokaci, kuma ko ta buɗe, ruwan da ke ciki zai malalo ƙasa. A irin wannan hali akwai wata ƙaramar taga a ƙasan injin ta gaba, yawanci ta hannun dama, wadda a cikinta ake samun ɗan siririn tiyo da matacin datti. Ta nan ake tsiyaye ruwan a faranti mai faɗi kaɗan-kaɗan kafin a buɗe ƙofar. Yana da kyau mai gida ya san wurin nan tun ranar da aka kawo injin.

Injinan zamani da yawa suna riƙe inda suka tsaya, su ci gaba idan wuta ta dawo, kuma ya kamata a tambayi mai shago wannan kafin a saya. Amma wannan yana amfani ne idan ɗaukewar ta sa'a ɗaya ko biyu ce. Kayan da suka kwana a jiƙe cikin rufaffiyar ganga a zafin watan Afrilu za su tashi da wari. Mazauna Gombe ba su manta da shekarar 2024 ba, lokacin da aka lalata turakun babban layin da ke kawo wuta daga Jos, aka shafe makonni cikin duhu. Duk wanda zai sayi injin da ba ya motsi sai da wuta mai ɗorewa ya tuna da wannan.

Wanne ne janareta ko sola za su iya ɗauka?

Abin da yake cin wuta a injin gaba hitar da ke dumama ruwa ce, wadda ita kaɗai takan ja wat 1,800 zuwa 2,000. Motar da ke juya gangar ba ta kai rabin wannan ba. Yawancin injinan sama da ake sayarwa a nan ba su da hita, shi ya sa ƙarfinsu yakan tsaya tsakanin wat 300 da 500. Wannan yana nufin janareta matsakaici ko inbata mai kVA 1.5 za su iya tafiyar da na sama ba tare da wahala ba, matuƙar ba a haɗa shi da dutsen guga ko famfon rijiya a lokaci guda ba. Na gaba da hitarsa a kunne yana buƙatar inbata mai kVA 3.5 ko sama da haka.

Sai dai akwai mafita. Idan aka zaɓi wankin ruwan sanyi, hitar ba ta kamawa ko kaɗan, injin gaba sai ya koma mai ɗan ƙaramin ci. A ganina ma, a yanayinmu ba a cika buƙatar hitar ba, domin ruwan baƙin tanki da ya wuni a ranar Gombe da ɗuminsa yake saukowa in ban da lokacin hunturu. Dumama lita 15 daga digiri 25 zuwa 60 yana cin kimanin kashi 6 cikin 10 na yunit guda. Ga wanda yake rukunin Band A na masu biyan kuɗin wuta, wanda aka ɗaga farashinsa zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 kafin a ɗan rage, wannan kuɗi ne da yake taruwa a hankali.

Injin da aka rubuta masa inbata a jiki, wato nau'in motarsa ake nufi ba inbatar sola ba, ya fi dacewa da sola, domin motarsa tana tashi ne a hankali ba tare da fizgar wuta ba. Kuma duk injin otomatik, na sama ko na gaba, a haɗa shi da sitabilaiza. Wutar da aka tsara wa waɗannan injina bolt 220 zuwa 240 ce, kuma raunin wuta da dawowarta da ƙarfi su ne manyan masu kashe allon kwamfutar.

Wanne ya fi fitar da datti?

A dunƙule na gaba ya fi, saboda omon yana da kauri a cikin ruwa kaɗan, lokacin wankin ya fi tsawo, kuma akwai ruwan zafi ga tabon mai ko na miya. Amma ga kayan da suka sha ƙura da jar ƙasa, kamar yunifom ɗin yara da kayan gona da labule bayan hunturu, ruwa mai yawa na injin sama yana da amfani, domin ƙasar tana samun inda za ta narke ta fita. Wuyan riga da bakin hannu kuwa, babu injin da yake cire dauɗarsu sarai sai an ɗan goga musu sabulu kafin a saka.

Za a iya saka shadda da leshi da babbar riga?

A nan na gaba ya fi tausayin kaya. Faifan injin sama yakan nannaɗe dogayen tufafi, shi ya sa hijabi da mayafi da zane da wando mai zariya suke fitowa a sarƙe kamar igiya, kuma wannan jan yana gajiyar da zare da ɗinki a hankali. A injin gaba kayan faɗowa kawai suke yi. Leshi mai duwatsu da mayafi mai laushi a saka su cikin jakar raga ta wanki, ko rigar matashin kai a ɗaure bakinta, a zaɓi tsarin kaya masu laushi, a rage gudun matsewa.

Shadda mai tsada dai shawarata ita ce kada a saba mata da injin ko wane iri ne, domin ƙyallinta na sama ne kuma gogayya da omo mai ƙarfi suna dusashe shi. Haka babbar riga mai aikin hannu: nauyinta idan ta jiƙe yana jan aikin ya tattare. Waɗannan haƙƙin hannu ne, ko na mai wanki da guga da ya san aikinsa, daga nan su wuce wurin masu bugu. Hula kuwa, ko zanna ce ko wata, ba ta shiga injin sam. Wurin masu wankin hula za a kai ta a wanke a ɗora a kan gungume ta riƙe siffarta. Sabuwar atamfa da rinannen kaya a wanke su daban a karon farko saboda zuba.

Wanne ya fi sauri?

Na sama. Mai otomatik yakan gama cikin minti 40 zuwa sa'a guda, mai baho biyu ma ya fi haka sauri idan mai wankin ta ƙware. Cikakken wankin auduga a injin gaba yakan kai sa'a biyu ko fiye, ko da yake yana da gajeren tsari na minti 15 zuwa 30 ga kaya kaɗan marasa datti sosai. Ga gidan da wutarsa ba ta wuce sa'a biyu ko uku a jere, wannan magana ce babba.

An ce na gaba ya fi matse kaya. Shin hakan yana da muhimmanci?

Gaskiya ne. Na gaba yakan juya sau 1,000 zuwa 1,400 a minti, na sama mai otomatik kuma yawanci 600 zuwa 800. A Ingila ko Jamus, inda ake shanya a cikin ɗaki, wannan babbar riba ce. A Gombe kuwa, inda riga take bushewa a kan igiya kafin a gama girkin rana, amfaninsa bai wuce makonnin tsakiyar damina ba, da kuma manyan kaya irin su bargo da tawul.

Omon da muka saba wanki da shi zai yi?

A injin sama zai yi. A na gaba kuwa omon wankin hannu yana yin kumfa fiye da kima, kumfar ta cika gangar ta hana kayan faɗowa da ƙarfi, wankin ya ragu, wani lokaci ma ta ɓullo ta aljihun zuba omo. Injin zai riƙa ƙara ɗauraya domin ya kashe ta, ruwan da aka so a tattala ya tafi a banza. A nemi wanda aka rubuta cewa na injin otomatik ne, kuma a rage yawansa fiye da yadda hannu ya saba. Yawan kumfa ba shi ne alamar tsabta ba, duk da cewa haka muka taso muna gani.

Kayan da najasa ta taɓa, kamar na jarirai, suna tsarkaka a cikin injin?

A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanenmu suke bi, ana kawar da najasa ne da ruwa tsarkakakke wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba, kuma ruwan da omo ya gauraye shi ya riga ya sauya. Saboda haka abin lura shi ne ɗauraya. Injinan otomatik duka biyun suna zubar da ruwan wanki su ɗebi sabo, galibi sau biyu ko fiye, kuma ana iya ƙara musu. Hanya mafi kwanciyar da hankali ita ce a fara wanke wurin najasar a ƙarƙashin famfo ko da buta har ta gushe, sannan a saka kayan cikin injin tare da sauran. Masu baho biyu su fi kowa kiyaye wannan, tun da suna maimaita ruwa ɗaya ga kaya kashi-kashi. Mai son ƙarin bayani a kan hukuncin ya koma ga malaminsa.

Kilo nawa ya dace da gidanmu?

Kilon da ake rubutawa nauyin busassun kaya ne. Amarya da ango kilo 6 ko 7 ya ishe su, gida mai yara huɗu ko biyar kuma 8 zuwa 10. Mai son wanke babban bargo ya nemi 10 ko sama. Kada a danna kaya har baki. A injin gaba a bar wurin da tafin hannu zai shiga a tsaye tsakanin kayan da saman gangar. A mai baho biyu a lura cewa bahon matsewa ya fi na wanki ƙanƙanta, saboda haka wanki guda yakan zama matsewa biyu.

Wanne ya fi lalacewa, kuma wanne ya fi sauƙin gyara a nan?

Mai baho biyu ya fi kowa sauƙi. Abubuwan da ke mutuwa a cikinsa su ne agogo da kafasita da bel da mota, kuma mai gyaran fanka ko firji na unguwa yakan iya da su. Raunin jikinsa shi ne roba ce, idan aka bar shi a tsakar gida rana tana dukansa, zai yi fari ya fara tsagewa. Na sama mai otomatik ya ƙara da allon kwamfuta da giya da sandunan da gangar take rataye a kansu.

Na gaba ƙarfe ne mai ƙwari kuma yakan daɗe idan an kula da shi, amma ranar da ya lalace kuɗin yana da yawa. Allon kwamfuta, da makullin ƙofa, da famfon fitar da ruwa, da robar bakin ƙofa, da boris ɗin bayan ganga, su ne wuraren da yake ciwo. Idan boris ya tafi, za a ji injin yana ruri kamar jirgi lokacin matsewa, kuma a wasu samfurori gangar a like take, sai dai a sauya ta ɗungurungum. Sau da yawa kayan gyaran sai an aiko da su daga Kano ko kasuwar Alaba ta Legas. Saboda haka tsayawa a kan sunayen da suka yaɗu, irin su LG da Samsung da Hisense da Haier Thermocool da Midea da Scanfrost, ya fi ɗaukar baƙon suna saboda araha. Idan aka ga an rubuta garantin shekara 10 a jikin injin, a sani cewa yawanci a kan motar kaɗai yake, ba dukan injin ba.

Abubuwa biyu na gida suna kashe injina a nan fiye da tsufa. Na farko yashi da laka na ruwan rijiya ko tanka, waɗanda suke toshe 'yar ragar da ke bakin shigar ruwa. A riƙa kwance tiyon ana wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Na biyu ɓera, wanda yake shiga ta ƙasa ya ci wayoyi. Injinan sama da yawa suna zuwa da faifan rufe ƙasa a cikin kwalinsu, kuma masu haɗawa sukan yi watsi da shi.

Na hannu da ake kira Beljiyam fa?

Yawancinsu masu ƙofar gaba ne daga Turai, kuma wutarsu ta dace da tamu. Akwai masu ƙarko a cikinsu, amma babu garanti, kuma ba a san shekarun da boris ya yi yana aiki ba. A gwada shi da ruwa da kaya har zuwa matsewa kafin a biya. A guji wanda ya fito daga Amurka, domin an yi shi ne don wuta mai bolt 120 da zagaye 60 a daƙiƙa, mu kuwa tamu mai bolt 220 zuwa 240 ce da zagaye 50.

Akwai tsofaffi da ƙananan yara a gidan. Wanne ya fi dacewa?

Mai ciwon baya ko gwiwa ya fi jin daɗin na sama, tun da ba sai ya durƙusa ba, ko da yake gajeren mutum yakan sha wahalar kai hannu gindin babbar ganga. Ana iya gina wa na gaba dakali mai ƙarfi a ɗora shi. Game da yara, haɗarin mai baho biyu ya fi girma: baho ne cike da ruwa wanda murfinsa ba ya kullewa, kuma yaro mai tatata zai iya hawa kujera ya leƙa. Kada a bar shi da ruwa a ciki ko na minti kaɗan ba tare da babba a wurin ba. Na gaba yana da makullin yara, amma a riƙa duba cikin gangar kafin a rufe. Kowane iri aka saya, a tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa, domin ruwa da lantarki da ƙafa ba takalmi a kan siminti haɗuwa ce mai kisa.

To, a taƙaice, wa ya kamata ya sayi wanne?

Gidan da ba shi da famfo a ciki, ko wutarsa ba ta da tabbas, ko kuma haya ce da za a iya tashi kowane lokaci, mai baho biyu ne nasa, kuma babu abin kunya a ciki. Gidan da yake da rijiyar burtsatse tasa da tanki, ruwa ba ya yi masa tsada, amma wutar jefi-jefi ce ko janareta ake kunnawa, na sama mai otomatik ya fi masa. Gidan da yake sayen ruwa a tanka, yana da sola mai ƙarfi ko wuta mai ɗorewa, kuma a shirye yake ya saka famfon ƙara ƙarfi, shi ne zai ci ribar na gaba, domin tsadar sayensa za ta riƙa dawowa ta kuɗin ruwa. Ga masu haɗa kayan ɗaki, ina roƙon iyaye su tambayi yadda gidan da za a kai amarya yake kafin su saya. Na ga injin gaba mai tsada da ya shekara a cikin kwalinsa a kusurwar ɗaki saboda gidan ba shi da bututun da za a haɗa shi.

Me ya kamata a duba ranar da aka kawo injin?

Idan na gaba ne, abu na farko shi ne kusoshin da ke bayansa, guda 3 ko 4, waɗanda aka ɗaure gangar da su domin kada ta yi lilo a hanya. Dole a cire su kafin a kunna. A gidan wata 'yar'uwata yaran shagon da suka kawo injin ba su cire ba, da aka zo matsewa sai ya riƙa tsalle yana tafiya har ya fizge tiyonsa daga bango, kuma Allah ne ya sa aka kashe shi da wuri. Injin gaba yana da nauyin kilo 60 zuwa 70 saboda tubalan kankare da aka saka masa domin ya zauna daram, don haka yana buƙatar daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, a daidaita ƙafafunsa huɗu har sai ya daina rawa idan an taɓa shi. Faɗinsa santimita 60 ne, tsayinsa kimanin 85, saboda haka a auna ƙofar banɗaki ko kicin tun kafin a je shago.

A duba kuma yadda ruwa zai fita. Na gaba yana da famfo, ana rataye tiyonsa a tsayin da littafin ya faɗa. Injinan sama da yawa ba su da famfo, ruwan gangarowa yake yi, saboda haka dole magudanar ta kasance a ƙasa da injin. A kunna shi wanki guda babu kaya a gaban wanda ya kawo shi, a ga shigar ruwa da fitarsa da matsewa, a karɓi rasit da katin garanti mai hatimin shago. Bayan kowane wanki a bar ƙofar na gaba a buɗe kaɗan, a share cikin robar bakinta, musamman da damina, domin a nan ruwa yake kwanciya ya yi baƙi ya kawo wari. Kusoshin da aka cire kuma a ɗaure su a leda tare da littafin injin, domin sai an mayar da su duk ranar da za a ɗora shi a mota zuwa wani gida.